Matambayi Ba Ya Ɓata: Sai An Kashe Waya Kafin A Jona Na'urar Zuciya?

Masu karatu, assalamu alaikum. Wannan watan wasiƙu huɗu suka zo a kan abu guda kamar masu su sun haɗa baki, don haka na jingine sauran na ɗauko su tare. Ga sababbin masu bibiyar filin nan: ni ba likita ba ne. Bakaniken na'urorin asibiti ne a nan Sakkwato, kafin nan kuma yaron shagon gyaran rediyo ne a bakin Tsohuwar Kasuwa, inda na fara ƙona yatsuna da dalma. Abin da ya shafi waya da batir da eriya, a tambaye ni. Magani da allura kuwa, a je wurin masu su.

TAMBAYA: Malam, wani bawan Allah da ke zaune Ingila ya aiko muna da na'urar nan da ake jona wa wanda ya faɗi zuciyarshi ta tsaya. Muna aje ta bakin fili duk ranar wasa. To wani daga cikinmu ya ce in an tashi aiki da ita sai kowa ya kashe wayarshi, don ko asibiti haka ake rubutawa ga bango, in ba haka ba na'urar ta ruɗe ta ƙarasa mutum. Ranar wasa kuwa filin cike yake, kowa da waya. Mi ag gaskiyar wagga magana? (Mai horar da 'yan ƙwallo, Mabera)

AMSA: Koci, kada ka kashe wayar kowa. Ranar da yaro ya yanke jiki ya faɗi, Allah ya kiyaye, lokacin da za ka ɓata kana bin 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya shi ne zai tafi da shi. Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da ƙiyasta cewa kowane minti guda da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a jona na'ura ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Yi lissafin minti biyar da kanka.

Amma abokin naka ba daga sama ya ɗauko zancen ba, don haka bari in warware maka shi tun daga tushe.

Abin da muke kira tsayawar zuciya, sau da yawa ba tsayawa cik ba ce da farko. Zuciya na da wutarta ta kanta mai ba tsoka umarnin matsewa da saki. Idan wutar ta rikice, sai tsokar ta shiga karkarwa, irin motsin da kake gani a jikin naman da aka yanka yanzun nan: ana motsi, jini ba ya tafiya. Na'urar da aka aiko muku, wadda ma'aikatan asibiti ke kira AED, aiki biyu take yi. Da farko takan saurari wutar zuciyar ta filastan nan biyu da ake mannawa a ƙirji. In ta gane karkarwar ce, sai ta tara wuta ta saki bugu ɗaya mai ƙarfi, yawanci jul 150 zuwa 200 ga babba, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin bugun. Bugun ba tayar da zuciya yake yi ba, tsawatar mata yake yi. Kamar malamin allo ne ya ga makaranta ta kaure da hayaniya, ya maka bulala a ƙasa, kowa ya yi tsit, sannan a ɗauko karatu daga farko.

Wurin sauraron nan ne tambayarka take da nauyi. Wutar zuciya, in ta iso fata, ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba. Batirin tocila guda bolt 1.5 ne, kenan ya ninka ta sau dubu da ɗari biyar. Na'urar raɗa take saurare. Wayoyin da suka taso daga filasta zuwa jikinta kuwa, a idon mai gyaran rediyo, eriya ce kawai, duk abin da ke yawo a iska suna iya kwasowa.

Ka san ƙarar nan ta "dit-dit-dit, dirrr" da lasifikar masallaci ke yi idan ladan ya manta waya a aljihu kusa da amfilifaya, tun kafin wayar ta fara ringin? Mun fara jin ta ne bayan 2001, da wayar GSM ta shigo Najeriya. Wayar na magana da ƙarfen sabis a kan igiya mai kaɗawa sau miliyan 900 ko miliyan 1,800 a daƙiƙa, abin da kunne ba ya ji. Sai dai ba a miƙe take sakin igiyar ba, gutsure-gutsure take yi, sau 217 a daƙiƙa, kuma wannan kunna-kashe shi ne ke kutsawa cikin amfilifaya ya fito a lasifika. Abin da ya shiga amfilifayar masallaci zai iya shiga ta na'urar asibiti. Tsoro iri biyu ne: ko na'urar ta ɗauki hayaniya a matsayin karkarwar zuciya ta ce a buga wa wanda bai kamata ba, ko hayaniyar ta rufe karkarwar gaskiya ta ce kada a buga.

Abin da ya sa ban damu ba shi ne na buɗe cikin irin waɗannan na'urori na ga yadda aka yi musu shiri. Akwai matata a bakin shigar saƙon, wadda ba ta barin komai ya wuce sai abin da ke kaɗawa a hankali, ƙasa da sau 30 zuwa 40 a daƙiƙa, inda wutar zuciya take. Sau 217 ya yi sama da ƙofar. Ko wutar NEPA tamu mai kaɗawa sau 50 an yi mata tarko na musamman. Sannan akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60601-1-2, wadda ake gwada na'urorin asibiti da ita kafin su shiga kasuwa. Bugunta na 2014 ya tanadi a jarraba na'ura da ƙarfin igiyar da waya mai wat 2 ke fitarwa daga nisan santimita 30. Shi ya sa in ka buɗe littafin da ya zo cikin jakar taku, akwai yiwuwar ka tarar an rubuta cewa kada waya ta matso ƙasa da santimita 30 daga na'urar ko wayoyinta. Kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya wuce haka. Tsofaffin littattafai sukan ce mita biyu ko uku. Bi abin da naku ya ce in da hali, ba wani wuya.

Nisa shi ne maganin igiyar rediyo, kuma magani ne mai saurin aiki. In ka ninka tazara sau biyu, ƙarfin da ke isowa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ka ninka sau goma, ya koma ɗaya cikin ɗari. Wayoyi ɗari biyar da ke bayan layin fili, duk a haɗe, ba su kai waya guda da aka ɗora a kan ƙirjin yaron ba. Ga shi kuma wayoyin yanzu, in suna kan 4G, iyakar abin da suke fitarwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na wat ne, ba wat 2 na tsohuwar GSM ba.

Rubutun bangon asibiti kuwa gadon shekarun 1990 ne, lokacin da waya ke da ƙarfi, na'urori kuma ba a yi musu garkuwa ba. An yi ta gwaji bayan nan. A 2007 asibitin Mayo da ke Amurka ya buga sakamakon gwaji 300 da ya yi a ɗakunan marasa lafiya 75 da waya a kunne ana amfani da ita yadda aka saba, ba a sami matsala ko ɗaya ba. A shekarar dai, wasu likitoci a Amsterdam ta ƙasar Holan suka buga nasu rahoton, inda suka kai waya dab da na'urorin ɗakin masu tsananin jinya, suka ga wasu sun rikice, amma akasari sai da wayar ta kusa taɓa jikinsu, tazarar 'yan santimitoci. Shawarar da suka tsaya a kai ita ce mita ɗaya. A ɗakin da injin ke yi wa mutum numfashi, ni ma ina goyon bayan a ja baya da waya, kuma in nas ta ce ka kashe, ka kashe. A bakin fili labarin daban ne.

Kai mai ƙwallo ne, ka san abin da ya faru ranar 12 ga Yunin 2021 a Kopanhegan, da Christian Eriksen na Denmak ya faɗi ana wasa da Finlan. Dubban 'yan kallo da wayoyinsu, ga kyamarorin talabijin marasa waya, ga oba-oban jami'an tsaro, ga na alƙalan wasa a kunne. A tsakiyar wannan tarin igiyoyi aka danna masa ƙirji, aka buga masa wuta sau ɗaya, zuciya ta dawo. Watanni takwas bayan nan ya koma taka leda. Mu kuwa da muka ji faɗuwar ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ta rediyo ranar 12 ga Agustan 1989, ana wasa da Angola a Legas, har yau abin bai bar ranmu ba.

Saboda haka ga yadda zan so ku yi. Wanda ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi ko yana wani irin gurnani jefi-jefi, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa nan take, da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wani ya ruga ya ɗauko na'ura. Wani ya kira 112 ko motar asibitin da kuka yi shiri da ita, ya buɗe sifika, ya ajiye wayar a ƙasa wajen ƙafafun yaron ko ya tsaya da ita taku biyu baya. A goge zufa, don ƙirjin ɗan ƙwallo a Sakkwato jiƙe yake sharkaf, filasta ba ya kama jiƙaƙƙiyar fata. Ɗaya a dama ƙasan ƙashin wuya, ɗaya a hagu ƙasan hamata. In akwai laya a wuya a ture ta gefe. Masu ɗaukar bidiyo a kore su baya, ba don igiyar wayarsu ba, don suna tare iska suna tare hanya, kuma ba mutunci ba ne.

TAMBAYA: Ni direban motar asibiti ne, nakan ɗauko marasa lafiya daga wajen Gwadabawa da Illela zuwa cikin gari. Akwai rediyon oba-oba cikin motar. Sau biyu ina ganin na'urar zuciya na ta magana tana ƙin yanke hukunci muna cikin tafiya. Ma'aikacin da ke baya ya ce rediyona ne. Ni kuwa ban taɓa shi ba a lokacin. Wa ke da gaskiya? (Direba, Runjin Sambo)

AMSA: Ɗan'uwa, in ba ka matsa maɓallin magana ba, rediyonka ba shi da laifi. Oba-oba na da hali biyu: yana saurare, ko yana aikawa. In yana saurare, ba ya fitar da wani abin kirki. Sai ka danna ka ce "oba" sannan yake buɗe baki.

Laifin na hanya ne. Duk ramin da taya ta faɗa, jikin mara lafiya na girgiza, filasta na motsi a kan fata, wayoyi na lilo. Kowane motsi na haifar da 'yar wuta a mahaɗar filasta da fata, kuma abin haushin shi ne wannan wutar a hankali take kaɗawa, daidai inda wutar zuciya take. Matatar da ke tare hayaniyar waya ba ta iya tare ta, don ta ƙofa ɗaya suke shiga da saƙon gaskiya. Yawancin na'urorin na gane an motsa, sai su dakata su ce a daina taɓa mara lafiya. Abin da ka ji tana ta maimaitawa kenan. Shi ya sa ƙa'idar AED ita ce a tsayar da mota kafin ta yi sauraro. Ka gangara gefen titi, ka taka birki, daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar sun isa. In ta ce a buga, a buga, ma'aikaci ya koma danna ƙirji, kai kuma ka ba ta wuta. Na san zuciyar direba ba ta son tsayawa da mutum a baya rai a hannun Allah, 'yan'uwansa na ihun a yi sauri. Ka gaya musu tsayawar daga cikin aikin take.

Amma kada in wanke oba-oba tas, domin a cikin duk abin da muke zance a kai shi ne na fi yi wa kallon tsanaki. Na hannu yakan fitar da wat 4 zuwa 5, na jikin mota kuwa wat 25 har 50. Kwatanta da wayar salula ka gani. Na taɓa ganin aikinsa da idona a wani ɗakin tiyata da ba zan faɗi sunansa ba: ina gwada na'urar duba bugun zuciya, layin na tafiya lafiya lau, wani mai gadi ya leƙo ƙofa ya danna rediyonsa yana kiran abokin aikinsa, layin ya haukace ya cika allo. Ya saki, layin ya dawo. Na sa shi ya maimaita daga bakin baranda, ko gezau. Tun daga ranar nake gaya wa direbobi da 'yan kwana-kwana da jami'an tsaro abu guda: lokacin da na'ura ta ce tana sauraro, a cire yatsa daga maɓalli, mai rediyon hannu kuma ya ja baya kamar mita biyu. Ka kuma duba wayar eriyar motarka. In ta bi ta cikin ɗakin mara lafiya, ko ta zazzage an ɗaure ta da salatif, a sake ta. Eriya a kan rufi take aiki, rufin ƙarfen shi ke kare na ciki.

Wani abu kuma, tunda kuna ɗaukar iskar oksijin: kafin a buga, a cire abin hancin a matsar da shi kamar mita ɗaya daga ƙirji. Wannan ba zancen rediyo ba ne, zancen gobara ne.

TAMBAYA: Baba, mahaifina an sa masa batirin zuciya a ƙasar waje bara, irin mai buga wuta da kansa in zuciya ta rikice. Tun da ya dawo ba mu da kwanciyar hankali. An kafa ƙarfen sabis bayan gidanmu, ƙannena na cewa mu tashi. Shi kuma ba ya rabuwa da rediyonsa, da shi yake kwana a ƙirji yana jin labaran safe, wayarsa kuma kullum tana aljihun gaban riga. Wanne za mu hana shi? (Wata ɗiyarku, Arkilla)

AMSA: Ɗiyata, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya saka miki da kula da shi. Kun sa ido a kan ƙaton da ke bayan gida, kun bar ƙananan da ke kan ƙirjinsa.

Ku bar zancen tashi. Ƙarfen sabis na harba igiyarsa ne can sama, ta miƙe zuwa nesa kamar hasken fitilar mota, abin da ke saukowa gindinsa kaɗan ne ƙwarai. Ga mamaki ma: waya na ƙara ƙarfin muryarta ne idan sabis ya yi nisa. A ƙauyen da ake hawa tudu neman layi, nan waya ke ihu da iyakar ƙarfinta. Kusa da ƙarfe raɗa take yi.

Aljihun gaba shi ne abin gyara yau ɗin nan. Telolinmu a hagu suke ɗinka shi, likitoci kuma yawanci a hagu suke dasa na'urar, ƙasan ƙashin wuya, sai waya ta zauna daidai kanta. Shawarar da masu ƙera na'urorin da hukumar kula da magunguna ta Amurka suka daɗe suna bayarwa ita ce tazarar santimita 15, wato taƙi ɗaya ya wadatar har da saura. Ya mayar da wayar aljihun gefe na dama, in zai amsa kira ya kara a kunnen dama. Tun 1997 aka buga wani babban gwaji da aka yi da mutum 980 masu batirin zuciya: da aka ɗora waya a kan na'urar an ga katsalandan, da aka riƙe ta a kunne yadda kowa ke yi ba a ga wanda zai cutar ba.

A yanzu ma ba igiyar ce ta fi damuna ba, mayen ƙarfe ne, wato maganaɗisu. An ƙera waɗannan na'urori da gangan su ji maganaɗisu, don likita ya iya dakatar da su lokacin tiyata ta hanyar ɗora shi a kan fata. Irin ta mahaifinki, muddin maganaɗisu na kanta, tana daina buga wuta. Ba za ta lalace ba, ana ɗauke shi take komawa aiki, amma in zuciya ta rikice a daidai wannan lokacin, mai gadi na barci. Wayar iPhone 12 da ta fito a 2020 ta zo da zoben maganaɗisu a bayanta, a farkon 2021 kuma likitocin asibitin Henry Ford a Amurka suka nuna cewa ɗora ta a ƙirji na dakatar da irin wannan na'ura. Kamfanin Apple da kansa ya ce a bar santimita 15, in kuma an ɗora ta a kan cajar da ba a soka mata wayar caji, 30. Jakar waya mai murfin maganaɗisu da 'yan abin kunnen nan marasa waya duk hukuncinsu ɗaya.

Wannan ya kawo mu kan rediyo. Akwatin rediyo karɓa yake yi, ba ya aikawa, don haka tashar da yake kamawa, Rima ce ko ta ƙasar waje, ba ruwan zuciyarsa da ita. Amma a bayan kowace lasifika akwai maganaɗisu, na ciro ɗaruruwansu da hannuna. Kada ki raba dattijo da rediyonsa, ba za ki yi nasara ba, kuma zai yi fushi da ke a banza. Ki samo ɗan teburi ko kujera 'yar tsugune ki ajiye masa a gefen gado ta dama, ki ce don kada ya faɗo ya fashe ne.

Wuraren da zai yi hattara da gaske su ne inda wuta mai yawa ke gudana: wurin masu walda, jikin babban janareta yana aiki, gidan taransifoma, da leƙa kai cikin injin mota yana kunne. A nan na'urar na iya ɗaukar hayaniyar wutar a matsayin rikicewar zuciya ta buga masa shokin yana lafiya ƙalau, waɗanda abin ya taɓa samu kuwa sun ce kamar harbin jaki ne a ƙirji. Janaretan gida a bar wa yara su tayar, shi ya zauna nesa. Ƙofar bincike ta filin jirgin Sultan Abubakar na Uku, ko wadda ake sawa a wasu masallatai da bankuna, ya wuce da tafiyarsa ta kullum, kada ya tsaya a ciki ko ya jingina. Mai sandar bincike a nuna masa katin na'urar, a roƙe shi kada ya tsayar da ita a kan ƙirji. In an ce za a yi masa hoton MRI, a faɗa musu tun a bakin ƙofa. In ya ji jiri ko bugun zuciya ya sauya kusa da wani inji, ya matsa nesa, sannan a sanar da likitansa. Kuma a riƙe ranakun duba na'urar, a tambayi sashen zuciya na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo inda za a riƙa auna irin tasa, kada a ce sai an koma waje.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa: in ya faɗi ba ya numfashi, a danna ƙirji kamar kowa, in akwai AED a jona masa. Za ki ji ɗan tudu ƙarƙashin fata inda na'urar take, a kauce masa da faɗin yatsu huɗu wajen manna filasta. In tasa ta buga kina taɓa shi, ɗan tsikari za ki ji, ba zai yi miki komai ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mun saya wa makarantarmu na'urar AED shekara uku da suka wuce, ba mu taɓa amfani da ita ba, alhamdu lillahi. Tana ofishina kusa da na'urar intanet da inbata ta sola. Malamin kimiyyarmu ya ce igiyoyinsu za su ɓata ta a hankali. In mayar da ita cikin motar makaranta? (Shugabar makaranta, Gawon Nama)

AMSA: Hajiya, don Allah kada ki kai ta mota. Igiyar rediyo ba ta taruwa a jikin na'ura kamar ƙura. Ko ta dame ta a lokacin da take sauraro, ko ba ta dame ta ba, shi kenan. Na'urar intanet ɗin nan abin da take fitarwa ɗan kaɗan ne. Ki gaishe da malamin, ki ce ya kwantar da hankalinsa. In ranar aiki ta zo a cikin ofishin aka faɗi, a ɗan ja mutum nesa da inbata da batiranta, iyakar abin kenan.

Abin da ke kashe waɗannan na'urori a garin nan rana ce. Akasarinsu an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 0 da 50. A watan Afrilu inuwa ma na haura 40 a Sakkwato, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya wuce 60. Filastan na da wani danshi mai yauƙi a jikinsu, shi ke kama fata ya kai wuta ciki. Zafi na busar da shi. Busasshen filasta ba ya mannuwa, saƙon zuciya ya zo a yayyage, na'ura ta yi ta cewa a duba filasta, mutane su ce waya ce ta ruɗa ta.

Wata shekara aka kira ni wata ma'aikata in duba tasu, wai tana ƙara da dare tana damun masu gadi. Ƙarar nan kuka take yi, tana faɗin batir ya kusa mutuwa, don takan gwada kanta da kanta lokaci-lokaci. Na tarar wani mai dabara ya riga ni, ya zare batirin don a samu barci, wata bakwai kenan. Filastan da na yage ledarsu sun bushe kamar ganda. Akwatin kuwa an garƙame shi da kwaɗo, makullin na hannun wani da ya tafi hutu. Amma a jikin bangon, da jan fenti, an rubuta a kashe waya.

Tunda taku ta shekara uku, gobe da safe ki ɗauko ta. Akwai kwanan wata a kan ledar filasta, yawanci shekara biyu zuwa biyar suke yi, akwai wani a jikin batir. Akwai 'yar fitila ko alama a gaba mai nuna lafiyarta, a sa wani ya riƙa leƙa ta kowace Litinin bayan taron safe. Ki duba ko akwai filastan yara ko maɓallin yara, na 'yan ƙasa da shekara 8 ko kilo 25. In babu, na manya ma ana sawa, ɗaya a tsakiyar ƙirji ɗaya a tsakiyar baya. Ki sa almakashi da ɗan tawul da reza cikin jakar, da mayafi guda saboda 'yan mata da malamai mata, a manna filasta a kan fata sannan a lulluɓe, kada kunya ta sa a tsaya jiran wata ta zo daga wani ajin. Ki fitar da ita daga ofishinki in kina kulle shi, ta koma baranda mai inuwa inda masinja ma zai iya ɗaukowa.

Na'urar da Turanci take magana, cikin ruɗani kuwa ko mai digiri Turancinsa guduwa yake yi. A wadda na kafa wa wani masallaci, na zauna na saurari duk abin da take faɗa, na rubuta fassararsa a kwali da boko da ajami, na manna a cikin murfi. In kin turo masinja shagona da taku ranar Asabar bayan la'asar, zan yi muku irinsa, in kuma gwada batirin.